Butastur rufipennis

Butastur rufipennis wani nau'in shaho ne na Afirka daga dangin Accipitridae. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Carl Jakob Sundevall, ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a shekarar 1850. Cikin nau'o'i huɗu na jinsin Butastur, shi kaɗai ne a Afirka, sauran ukun suna Asiya.

Yadda ake gane shi

Bayansa ruwan toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, ƙirjinsa jaja-jaja da siraran zane baƙaƙe. Idanun babba rawaya ne, maƙogwaronsa fari da baƙin layi a tsakiya. Idan yana zaune a kan bishiya ba ya ɗaukar ido, amma da ya tashi sai jan fukafukansa mai baƙin baki ya bayyana. Wannan ce babbar alamarsa. Ya fi shirwa ƙanƙanta, kuma wutsiyarsa ba ta rabu biyu kamar tata ba.

Mazauni da ƙaura

Yana hayayyafa da damina a yankin Sahel da savanar Sudan, daga Senegal zuwa Habasha, har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Da rani yakan koma kudu, inda ake ganinsa rukuni-rukuni a bakin gobarar daji yana kama ƙwarin da wuta ta koro.

Abinci

Yawan abincinsa fara ce, sai gina, ƙadangaru da ƙananan beraye, don haka yana rage wa manoma ɓarna. Tun da a kan bishiya yake sheƙa, sare itatuwan gona na rage masa wurin hayayyafa.