Abin da Kwalin Faifai Yake Riƙewa

Ranar kasuwa a Mayo-Oulo, ko a kowace rana cikin Garwa, saurayi kan miƙa wa mai tura waƙoƙi memorinsa ya ce, "Cika min shi." Kafin ya gama shan shayi an loda masa ɗaruruwa. Amma da ya buɗe wayar, rabinsu lamba kawai suke ɗauke da ita: babu sunan mawaƙi, babu shekara, balle wanda ya busa ko wanda ya kaɗa.

Wannan rashin suna yana cikin dalilan da suka sa masu tara faifan jaz suka ƙi rabuwa da garmaho. Jaz kiɗan haɗuwa ne. Gwani kan gayyaci gwani su zauna yini guda, abin da ya fito ranar kuwa ba ya maimaituwa. A 1956 Ella Fitzgerald da Louis Armstrong suka yi faifan Ella and Louis a kamfanin Verve, Oscar Peterson na kan fiyano. A 1962 Duke Ellington, dattijo mai shekara 63, ya zauna da John Coltrane wanda ya isa ya haifa. Duk wannan a bayan kwali ake rubuta shi, shi ya sa mai tarawa yakan juya kwali ya karanta tun kafin ya ɗora allura.

Kada a ɗauka abin na Amurka ne kaɗai. Armstrong ya zo Nijeriya da Kamaru a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello. Kamaru kuma tana da nata gwanin, Manu Dibango, mai busa saksafon ɗan Duwala, wanda ya rasu a 2020. A 1985 ya haɗu da Herbie Hancock a faifan Electric Africa, a 1994 kuma ya tara Youssou N'Dour, Salif Keita, King Sunny Adé da Angélique Kidjo a Wakafrika.

Labarin waƙarsa Soul Makossa ma ya isa misali. A 1972 aka buga ta a bayan wani ƙaramin faifai da aka yi domin gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci. Ciko ce, ba don ita aka yi faifan ba. Kwafi ɗaya ya faɗa wani shago a Brooklyn, wani mai suna David Mancuso ya tsince shi, gidan rediyon WBLS ya shiga sa waƙar, a 1973 ta hau jerin waƙoƙi arba'in da ke kan gaba a Amurka. Wanda ya tsince ta ya san wa zai nema, domin sunan Dibango na jikin faifan.

To amma mai son ajiye faifai a Arewacin Kamaru yana da abokan gaba. Zafin Garwa a Maris da Afirilu yakan haura digiri 40, faifan da aka bari a mota ko ƙarƙashin kwano kuwa lanƙwashewa yake yi kamar kwanon tuya, ba ya kuma miƙewa. Ƙurar hunturu tana shiga layukansa ta sa shi ƙara. Gara ta fi kowa ɓarna, don kwalin take ci, wato daidai inda sunayen suke. Maganin ba wuya: a jera faifai a tsaye, kada a jibge su, a ɗaga su daga ƙasa, a riƙe su ta baki.

Gaskiya dai, a wannan yanki kaset ne ya yi sarauta. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya dace da rikoda mai batir da kuma motar haya, kuma kowa ya san yadda ake zura biro a naɗe zarensa idan rikoda ta tauna. Ta kaset ne Shata da Ɗan Maraya Jos suka ƙetaro iyaka ta Mubi, haka marigayi Ali Baba, ɗan Garwa mai waƙa da Hausa da Fulatanci, ya shiga gidaje. Yanzu kaset ɗin ne ake zubarwa in an tashi sharar ɗaki.

Abin mamaki, abin da ake zubarwa nan shi wasu ke nema. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa a kaset a 1978. Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da kwafinsa a gidan tarihi na Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a faifan garmaho a 2013, daga nan aka gayyaci Mamman wasa a Turai. A Amurka kuwa, a 2022 faifan garmaho ya fi CD kasuwa, karo na farko tun 1987.

Babu mai cewa a jefar da waya. Sauƙinta ya wuce gardama. Amma wanda ya gaji akwatin kaset ko faifai a Mayo-Oulo, Gidar ko Garwa, ya buɗe shi tun kafin damina. A kakkaɓe, a kwafi sautin cikin kwamfuta, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya. In babu rubutu a jiki, a kunna wa wani dattijo ya faɗi mai muryar, a rubuta da biro.