Sabuwar Waya Mai Sauri: A Yi Lissafi Tukuna

A Kurmin Mashi, cikin garin Kaduna, akwai makanikai da yawa a bakin titin Nnamdi Azikiwe. Yara da yawa daga ƙauyuka su kan zo nan koyon gyaran mota. A ce ga ɗayansu, yana zubin adashi, watansa takwas ke nan. Ya ƙudura a ransa ran da ya kwashi adashin nan zai sayi sabuwar waya mai 5G, gama ya ji an ce saurinta ba a magana. Kuɗin ba za su isa ba, har ya aika gida a sayar masa da akuyarsa a cika.

Sai maigidansa ya kira shi, ya ce, "Kai yaro, wayar da ke hannunka ta lalace ne?"

Ya ce, "A'a Maigida, lafiyarta lau. Sauri ne ba ta da shi."

Maigidan ya ce, "To, saurin nan a cikin wayar ya ke, ko a wani wuri dabam?"

Yaro ya yi shiru. Jama'a, tambayar nan ita za mu amsa a darasin nan, domin ko wannenmu yana da ɗa ko ƙane mai irin wannan buri.

Mene ne 2G, 3G, 4G da 5G?

Wayar hannu ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. In ka yi kira, muryarka ta kan bi iska ta tafi wurin dogon ƙarfen nan da ku ke gani a bayan gari, wanda a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan a miƙa ta zuwa wani ƙarfen, har ta isa wurin wanda ka kira. Hoto da bidiyo da saƙon murya duk haka su ke tafiya. Abin da ka ke biya domin a ɗauke maka su shi a ke kira data.

Harafin G yana nufin zamani, watau irin injin da a ke aiki da shi a kan ƙarfen sabis. Ko wane sabon zamani ya fi na baya ɗaukar kaya da sauri. Ku ɗauka 2G jaki ne, 3G amalanke, 4G babbar mota, 5G kuwa jirgin ƙasa.

Wayar hannu irin ta yanzu ta shigo Nijeriya a 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN su ka fara aiki. Wannan shi ne 2G, na kira da gajeren saƙo. A lokacin nan layi ɗaya ya kan kai wajen Naira 20,000, kira kuma Naira 50 ko wane minti. Da kamfanin Glo ya shigo a 2003, ya fara lissafin kira da daƙiƙa, sai gasa ta tashi, farashi ya yi ta sauka. An ba da lasisin 3G a 2007. Manyan kamfanoni sun fara 4G a 2016.

A watan Disamba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda a ke kira NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G. MTN da wani kamfani mai suna Mafab su ka ci, ko wanne ya biya Dala miliyan 273.6. A 2022 MTN ya fara 5G a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Ku lura, Kaduna ba ta cikin bakwai ɗin nan na farko. Airtel ya fara nasa a 2023.

Sauri sai da abu uku

Waya ita kaɗai ba ta kawo sauri. Sai abu uku sun haɗu.

Na ɗaya, wayar ta zama an ƙera ta domin karɓar 5G.

Na biyu, ƙarfen sabis da ke kusa da kai ya zama kamfani ya ɗora masa injin 5G. In babu wannan, sabuwar wayar za ta koma aiki da 4G ko 3G, daidai da tsohuwar da ka ajiye. Mutum ya sayi tikitin jirgin ƙasa alhali dogo bai iso garinsu ba.

Akwai dalilin da ya sa 5G ba ta yaɗu da wuri ba. Kun san sha'anin rediyo. Tashar gajeren zango ta kan zo daga ƙasa mai nisa, amma tashar FM in ka yi nisa da gari sai ta ɗauke. To, 5G irin wadda a ke amfani da ita a ƙasar nan ba ta cin dogon zango, bango mai kauri ma ya kan rage mata ƙarfi. Saboda haka sai an kafa injuna da yawa kusa da juna, kuma masu tsada ne. Kamfani ya kan fara da unguwannin da ya ke ganin zai mai da kuɗinsa. Ana iya samun 5G a wata unguwa, a rasa a ta kusa da ita. Ƙauye kuwa shi ne na ƙarshe. A ƙarshen 2024, bisa ƙididdigar NCC, cikin ko wane layi 100 da ke aiki a Nijeriya, waɗanda ke kan 5G ba su kai 3 ba, wajen 40 kuwa suna kan 2G.

Na uku, ka zama kana da kuɗin sayen data ko wane wata. Wannan shi ne wanda mutane su ka fi mantawa.

Yadda sauri ke cin data

Ana auna data kamar yadda a ke auna hatsi. Ƙaramin ma'auni sunansa megabait, ana rubuta shi MB. Babban sunansa gigabait, ana rubuta shi GB. Wajen MB 1,000 su ke yin GB 1. Ma'aunin nan ɗaya ne ko a 4G ko a 5G. To, me ya sa mai waya mai sauri ya kan ce datarsa ba ta daɗewa?

Ku dubi randa mai cike da ruwa. In da ƙaramar moɗa a ke ɗiba, sai ta kai yamma. In a ka koma ɗiba da bokiti, kafin azahar an ga gindinta. Randar ba ta ragu ba, ɗibar ce ta ƙaru.

Haka waya ta ke. In ta ga hanya da sauri, sai ta zaɓo bidiyo mai tsananin kyau da kanta, ba tare da ta tambaye ka ba. Bidiyo irin wannan ya kan ci data ninki uku ko fiye na wanda ba shi da kyau sosai, ko da tsawonsu ɗaya. Sa'an nan a Facebook da TikTok da YouTube, kana gama kallon wani sai wani ya buɗe. Da can wayar ta kan tsaya tana juyi, ka gaji ka ajiye ta. Yanzu ba ta tsayawa, kai ma ba ka tsayawa.

Farashi

Kusan duk wayoyin da mu ke saya daga waje a ke kawo su. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ɗan kasuwa da Dala ya ke saro su. A farkon 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na shekarar, Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke farashi, a 2024 Dala ta wuce Naira 1,500. Abin da ya sa kuɗin waya ya tashi ke nan. Waya mai 5G kuma ta fi 'yar'uwarta mai 4G tsada, domin kayan cikinta sun fi tsada.

Kuɗin data ma ya tashi. Ƙarfen sabis ba ya aiki sai da wuta dare da rana, yawancinsu kuwa da janareto mai shan man gas su ke aiki. Kamfanoni su ka kai kuka, su ka nemi a ninka farashi. A watan Janairu na 2025 NCC ta yarda da ƙari, amma ta ce kada ya wuce kashi 50 cikin 100. Watau abin da a ke saya Naira 1,000 yana iya kaiwa Naira 1,500. Gajeren saƙo ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6.

Yanzu ku ɗauki alli mu yi lissafi. Kuɗin nan misali ne kawai, ku tambayi farashin ranar a kasuwa.

A ce waya mai 4G Naira 120,000 ce, mai 5G kuma Naira 250,000. Bambancinsu Naira 130,000. A ce yaron nan yana sayen data ta Naira 5,000 ko wane wata. Naira 130,000 za ta saya masa data ta wata 26, watau shekara 2 da wata 2. In kuwa ya sayi mai 5G, ɗibarsa ta ninka, zai koma biyan Naira 10,000 a wata. A shekara Naira 120,000 ke nan maimakon Naira 60,000. Akuya ta tafi, ga kuma sabon baki da za a riƙa ciyarwa.

Wa ya kamata ya saya?

Ba cewa a ke yi 5G ba ta da amfani ba. Mai ɗaukar bidiyon biki da zai aika wa masu shi, da mai shagon kwamfuta da mutane da yawa ke aiki a ciki, da ɗalibin da ke ɗaukar darasi ta intanet, duk za su ga amfaninta, in har ta iso unguwarsu. A wurinsu sauri kuɗi ne.

Amma manomin da ke tambayar farashin masara a kasuwa, da mai aika saƙon murya ta WhatsApp, da mai tura kuɗi gida ta banki, da makaniken da ke aika hoton kayan gyara, 4G ta ishe su har da saura. Ku tuna kuma da layin 2001 da a ka saya Naira 20,000. Sabon abu da tsada ya kan fara. Mai haƙuri ya kan same shi da rahusa.

In za ka saya

Ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna za ka saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko a kasuwar garinku, ka kiyaye waɗannan.

1. Kada ka sayi kifi a ruwa. Ka nemi wani mai waya mai 5G ya zo gidanka ko wurin sana'arka, ku dubi saman wayar tasa. In ka ga harafin E, wannan 2G ce. In H ne, 3G ce. In 4G ko LTE ne, 4G ce. Sai ka ga 5G da idonka, a cikin ɗaki da kuma waje.

2. Ka karanta kwali da kyau. Waɗansu kwalaye an rubuta 5G kusa da kalmar WiFi. Wannan wani abu ne dabam, ba shi ne sabis na 5G ba.

3. Ka danna *#06# a wayar. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce shaidar wayar. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ka bar ta.

4. Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata, balle in wayar ta hannu ce. Wanda a ka sami wayar sata a hannunsa, shi 'yan sanda za su fara riƙewa.

5. In layinka tsoho ne ƙwarai, mai yiwuwa sai an canja maka shi a ofishin kamfani. Lambarka ba za ta canja ba. Ka tafi da lambar katinka na ɗan ƙasa, watau NIN.

6. Tun 2023 lambobin bincike iri ɗaya ne a duk kamfanoni. Da *312# a ke sayen data, da *323# a ke duba abin da ya rage. Ka karanta saƙon da zai fito, ka ga GB nawa ne, kwana nawa kuma za ta yi, gama data tana da wa'adi. Ka lura kada ka yarda a riƙa sabunta maka ita ana cire kuɗinka in ba haka ka ke so ba.

7. Ka sa wanda ya iya ya kunna maka wurin tsimin data, ya kuma hana bidiyo buɗewa da kansa.

8. In ka kai ƙara wurin kamfani ba a biya maka bukata ba, ka kira 622. Lambar NCC ce, kyauta a ke kiranta.

Kun ga duk matakan nan takwas, babu wanda ba ya bukatar karatu ko lissafi. Wanda bai iya karanta kwali da rasit da saƙon kamfani ba, sai abin da mai shago ya gaya masa. Wanda ya iya kuwa, shi zai duba da kansa, ya auna da aljihunsa, sa'an nan ya ce a bar akuyar nan a turkenta tukuna ko a kai ta kasuwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne su ke haɗuwa kafin a sami sauri?
2. In ka ga harafin H a saman waya, me ya ke nufi?
3. MB nawa su ke yin GB 1?
4. Mutum yana sayen data ta Naira 3,000 a wata. An yi ƙarin kashi 50 cikin 100. Nawa zai biya a wata? Nawa a shekara?
5. Rubuta wa ƙanenka da ke birni wasiƙa mai layi biyar, ka ba shi shawara kan sayen sabuwar waya.