Yadda Ake Kama Iska A Cikin Jinin Mamaci

Jama'a, akan tsinci gawar yaro a ɗaki, ba rauni ba jini, sai gwangwanin gas na ɗura wa laita a gefensa. Likita ya buɗe gawar, sau da yawa ba ya ganin kome da ido. Alƙali kuwa ba ya hukunci da zato. To, yaya za a tabbatar iskar ce ta kashe shi?

Wannan iska sunanta butan. A shekara ta 1970 wani likitan Amurka, Millard Bass, ya bayyana mutuwar farat ɗaya da masu shaƙa ke yi: iskar takan rikita bugun zuciya, sai yaro ya firgita ko ya ruga da gudu, zuciya ta tsaya. Abin da ya ragu na shaida yana cikin jini da huhu da ƙwaƙwalwa.

Dabarar auna shi daga Ingila ta fito, inda masana biyu, James da Martin, suka ƙago hanyar rarrabe iskoki a 1952. Akan zuba jini a ƙaramar kwalaba, a like bakinta, a ɗumama. Iskar da ta narke cikin jinin sai ta taso ta taru a sararin da ke sama. Da allura ake zuƙo ta, a tura cikin wani siririn bututu mai tsawo, wata iska tana kora ta. Kowace iska da saurinta, kamar dawaki a sukuwa, kuma lokacin fitowarta shi ke faɗin sunanta. Abin mamaki, iskar da aka saba korawa da ita hiliyam ce, saboda haka in hiliyam ake tuhuma tilas a sake wata, in ba haka ba mai kora da wanda ake nema sun zama ɗaya.

Amma fa mu a ganinmu wahalar ba a na'ura take ba. Butan ko a sanyin da ruwa ke daskarewa ƙoƙarin tashi take yi. In aka sa jini a mazubin roba, ko aka bar kwalaba rabi, ko aka buɗe ta sau biyu, ko ta kwana a zafi, shaida ta gudu. Hura wa yaron numfashi don ceto ma yakan rage ta. Don haka lissafin da na'ura ta bayar ba shi ne adadin da ke jiki lokacin mutuwa ba, ƙarancinsa kuma ba ya wanke iskar daga laifi.

A ƙasarmu, inda yara ke shaƙar sholisho, kuma akan yi jana'iza ran da aka mutu, sa'o'in kaɗan ne. Malamin da ya fara isa wurin kada ya yar da gwangwanin ko tsumman don kare sunan makaranta, gama ana gwada abin da ke cikinsu da abin da aka samu a jini. Akawu kuwa ya rubuta sa'ar da aka ɗebi jinin, da sunan kowane mutum da kwalabar ta bi ta hannunsa, domin lauya zai tambaya a kotu.