Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa a Baturiya

Duk mutumin Yalwawa ta Dutse da ya mallaki sabuwar kyamara, alhali yana da muradin tsuntsayen ruwa, lalle ya nufi dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja, wanda ya shiga jerin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2008, domin a can ne, idan hunturu ya kama, baƙin tsuntsaye daga Turai kan sauka bayan sun ƙetare Sahara, su gauraya da kirinjijiya da dinya da zalɓe. Sharaɗin aikin haƙuri ne: a isa bayan Asuba, a ba rana baya, a laɓe nesa kada tsuntsu ya firgita. Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ambaliyar da ke raya dausayin ta ragu ƙwarai.