Yaƙin Basasar Angola: Yadda Man Fetur Da Lu'ulu'u Suka Ɗauki Nauyin Gasar Manyan Ƙasashe

Daga shekarar 1975 zuwa 2002 ƙasar Angola ta shafe shekaru 27 cikin yaƙin basasa, in ban da ɗan sararawar da aka samu sau biyu a tsakani. An ƙiyasta cewa mutane fiye da rabin miliyan ne suka rasa rayukansu, wasu kimanin miliyan 4 kuma suka bar gidajensu. Abin da ya sa ya kamata 'yan kasuwa su yi nazarin wannan yaƙi shi ne yadda aka biya kuɗinsa. Manyan ƙasashen duniya ne suka rura wutar, amma mafi yawan itacen da ya ci arzikin Angola ne, kuma har yanzu ƙasar tana fama da bashin da ya biyo baya.

Mafarin rikicin

A watan Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Fotugal, sabbin shugabannin kuma suka yanke shawarar sakin ƙasashen da suke yi wa mulkin mallaka. A Angola ƙungiyoyi uku ne suke fafutukar neman 'yanci: MPLA ƙarƙashin Agostinho Neto, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. An ƙulla yarjejeniyar raba mulki a garin Alvor cikin Janairun 1975, amma kafin ranar samun 'yanci, wato 11 ga Nuwamba, ƙungiyoyin sun riga sun juya wa juna bindiga.

Kowace ƙungiya tana da uban gida a waje. Tarayyar Sobiyat ta bai wa MPLA makamai. Amurka, ta hannun hukumar leƙen asirinta ta CIA, ta kashe kimanin dala miliyan 32 a 1975 kan FNLA da UNITA, akasari ta hanyar ƙasar Zayar ta Mobutu. Ƙasar Sin, wadda a lokacin ba ta ga maciji da Sobiyat, ta aika wa FNLA masu horar da soja. A watan Oktoba sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa daga Namibiya, a Nuwamba kuma Kyuba ta fara jigilar dakarunta, waɗanda adadinsu ya kai wajen 36,000 a 1976.

Shigar Afirka ta Kudu ce ta sauya matsayin Nijeriya. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a ƙarshen Nuwamban 1975, ta kuma ba ta gudummawar dala miliyan 20. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Addis Ababa cikin Janairun 1976, Murtala ya yi watsi da matsin lambar Shugaba Ford na Amurka. An tashi taron ƙasashe 22 a kowane ɓangare, amma wata guda bayan haka ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA.

Kamfanin Amurka, masu gadi 'yan Kyuba

Babu inda lissafin kasuwa ya saɓa wa na siyasa kamar lardin Kabinda, inda kamfanin Gulf Oil na Amurka yake haƙo mai tun 1968. A ƙarshen 1975 gwamnatin Amurka ta matsa wa kamfanin ya dakatar da aiki ya kuma riƙe kuɗin da ya kamata ya biya. Cikin 'yan watanni ya koma aiki, ya miƙa wa gwamnatin MPLA kuɗin. Daga nan aka shiga wani hali mai ban mamaki: sojojin Kyuba suna gadin rijiyoyin kamfanin Amurka, kuɗin man yana shiga baitulmalin gwamnatin gurguzu, gwamnatin kuma tana amfani da shi wajen sayen makaman Sobiyat. Haka aka ci gaba bayan da Chevron ya sayi Gulf a 1984. Amurka ta zama babbar mai sayen ɗanyen man Angola alhali ba ta amince da gwamnatin ƙasar ba sai a 1993.

Majalisar dokokin Amurka ta haramta taimaka wa 'yan tawayen Angola a 1976, ta kuma soke haramcin a 1985. A shekarar da ta biyo Shugaba Reagan ya karɓi baƙuncin Savimbi, aka ba UNITA makamai masu linzami na kakkaɓo jiragen sama. Ke nan harajin Ba'amurke yana taimakon ɓangare ɗaya, kuɗin fetur ɗinsa yana taimakon ɗayan.

Dalilin da ya sa harkar mai ta tsira shi ne mafi yawan rijiyoyin suna cikin teku, nesa da fagen fama. Ɗanyen man yana shiga jirgin ruwa ba tare da ya bi ta hanya ko gada ba. Sauran sana'o'in da suka dogara da ƙasa da hanya kuwa sun durƙushe. A farkon shekarun 1970 Angola ce ta huɗu a duniya wajen noman gahawa, tana samar da fiye da tan 200,000 a shekara. Yaƙi ya mayar da shi 'yan dubbai. Ficewar Turawan Fotugal kimanin 300,000 a 1975 ta tafi da akasarin ƙwararrun ma'aikata da dillalai. Nakiyoyin da aka binne sun hana noma a yankuna masu albarka, ƙasar da ke sayar da masara a waje ta koma dogaro da abincin agaji.

Maƙwabta ma sun ji jiki. Hanyar jirgin ƙasa ta Benguela, mai tsawon kilomita 1,344 daga tashar ruwan Lobito zuwa iyakar Zayar, ita ce gajeriyar hanyar fitar da jan ƙarfen Zambiya da Katanga zuwa tekun Atlantika. An rufe ta ga kayan ƙetare a 1975. Dole masu ma'adinai suka karkata zuwa Darussalam da tashoshin Afirka ta Kudu, kuɗin dako ya ƙaru a daidai lokacin da farashin jan ƙarfe ya faɗi.

Bayan tafiyar iyayen gida

Gwabzawar Cuito Cuanavale a 1987 da 1988, lokacin da dakarun Kyuba suka kai wajen 50,000, ta nuna wa kowa cewa nasara da ƙarfin soja za ta yi tsada ainun. Sobiyat ma tattalin arzikinta ya fara gazawa. A Disamban 1988 aka sa hannu kan yarjejeniya a New York, Namibiya ta sami 'yanci a 1990, sojojin Kyuba suka gama ficewa a 1991. An yi zaɓe a Satumban 1992, Shugaba dos Santos ya sami kashi 49.6 cikin ɗari, Savimbi ya sami kashi 40.1. Savimbi ya ƙi amincewa da sakamakon, yaƙi ya dawo da muni fiye da na baya.

A wannan zangon ne aka gane cewa ɓangarorin biyu sun koyi ciyar da kansu. UNITA ta kama filayen lu'ulu'u na arewa maso gabas, inda ake tono shi a bakin rafi da shebur da rariya, ga shi kuma ba nauyi, ana iya fitar da na miliyoyin daloli cikin aljihu. Ƙungiyar Global Witness ta ƙiyasta a 1998 cewa UNITA ta sami dala biliyan 3.7 daga lu'ulu'u tsakanin 1992 da 1998. Gwamnati kuwa ta shiga jinginar da man da ba a riga an haƙo ba, tana karɓar rance mai tsadar ruwa daga bankunan ƙetare domin sayen makamai daga ƙasashen gabashin Turai.

Talaka da ƙaramin ɗan kasuwa ne suka biya sauran. Hauhawar farashi ta haura kashi 4,000 cikin ɗari a 1996. Lokacin da aka sauya kuɗi a 1999, sabuwar kwanza ɗaya ta maye gurbin tsohuwa miliyan ɗaya. Ƙungiyar Human Rights Watch, bisa alƙaluman Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya, ta ce an rasa lissafin dala biliyan 4.2 na kuɗin gwamnati tsakanin 1997 da 2002. Bashin makaman Sobiyat ma bai mutu da Sobiyat ba: Rasha ta gaje shi, sai a 1996 aka daidaita a rage shi daga wajen dala biliyan 5 zuwa biliyan 1.5.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta sayar wa UNITA makamai da mai a 1993, ta haramta sayen lu'ulu'unta a 1998. Takunkumin bai yi tasiri sosai ba sai da rahoton kwamitin Jakada Fowler na shekarar 2000 ya ambaci sunayen dillalai da shugabannin ƙasashen da ke karya shi. Kasuwar UNITA ta ƙuntata, sojojin gwamnati suka kashe Savimbi a Fabrairun 2002, aka tsagaita wuta ranar 4 ga Afrilu. Wannan al'amari na cikin abin da ya haifar da tsarin Kimberley na 2003, wanda ya wajabta takardar shaidar asali ga ɗanyen lu'ulu'un da ke ƙetare iyaka.

Sabuwar gasa kan tsohuwar hanya

Da yaƙi ya ƙare ƙasashen yamma suka gindaya sharuɗɗa kan bayyana kuɗin mai kafin su ba da taimako. Sin ta shigo a 2004 da rancen dala biliyan 2 da za a biya da ɗanyen mai, wasu rancen suka biyo baya. Da irin wannan kuɗi aka sake gina hanyar Benguela, aka buɗe ta a 2015. Fitar da mai ya kusa ganga miliyan 2 a rana a 2008, Angola ta zama babbar abokiyar gasar Nijeriya a nahiyar. Da farashi ya faɗi a 2014, biyan bashi ya cinye kaso mai yawa na man da ake fitarwa. Zuwa 2023 haƙon ya sauko kimanin ganga miliyan 1.1 a rana, a Disamban shekarar kuma ƙasar ta sanar da ficewa daga OPEC saboda saɓani kan kason da aka ware mata.

Hanyar da yaƙin cacar baka ya rufe ita ce yanzu ake tsere a kanta, saboda jan ƙarfe da kobalt na Kwango da ake buƙata wajen ƙera batiran motoci masu aiki da lantarki. Haɗin gwiwar kamfanonin Turai, wato Trafigura da Mota-Engil da Vecturis, ya karɓi tafiyar da ita na shekaru 30. A 2024 hukumar raya ƙasashe ta Amurka, DFC, ta amince da rancen dala miliyan 553 domin aikin, a Disamban shekarar kuma Shugaba Biden ya ziyarci Angola. A nata ɓangaren Sin ta ƙulla yarjejeniyar gyara hanyar TAZARA da ke fitar da ma'adinan ta gabas, ta hannun kamfanin CCECC, wanda ya gina layin Abuja zuwa Kaduna.

Ga mai zuba jari a ƙasar da manyan ƙasashe ke jan igiya a kanta, tarihin Angola ya nuna inda haɗarin yake taruwa. Kamfanin da kayansa ke fita ta teku ana biyansa da dala ya yi aiki duk tsawon yaƙin, har ya faɗaɗa. Mai gona da mai masana'anta da mai motocin dako, waɗanda jarinsu ke kan ƙasa kuma cinikinsu ke cikin kuɗin gida, su ne suka yi asarar komai. Don haka kafin a sa hannu kan kwangila a irin wannan wuri, ya kamata a binciki hanyar da kaya za su bi, da kuɗin da za a biya da shi, da kuma yawan arzikin gobe da gwamnatin ƙasar ta riga ta jinginar.