Daga dajin Zurmi zuwa gaban Fada: wace tuba ce ake karɓa?

Duk lokacin da azumi ya gabato, kowa ya san saƙon nan da ke cika WhatsApp da Facebook: duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. A tura wa mutum ɗari biyu, shi ke nan an wanke kai. Wanda yake bin ka dubu biyar tun bara shi ma saƙon ya iske shi, kuɗinsa kuwa shiru.

A arewacin Zamfara kalmar tuba ta wuce wasan waya. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya daina. Ba a cika wata uku ba ya koma daji, aka kashe shi a dajin Dumburum da ke yankin Zurmi. Shi ya sa idan aka ce tubabben ɗan bindiga, mutane da yawa a Zurmi da Shinkafi sai dai su girgiza kai.

Akwai maƙwabtanmu da suka kafa wa wannan kalma ƙa'idoji masu tsauri, amma yawancinmu ba mu san yadda suke yi ba. Ina nufin mabiya ɗarikar Katolika. Ba baƙi ba ne a yankin. Layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, yanzu kuma ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Cocinansu na Zamfara suna ƙarƙashin dayosis ɗin Sokoto, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.

A wurinsu mutum yana zuwa gaban limamin coci, wanda suke kira Fada, ya furta zunubansa da bakinsa. Ba a yin jimla. Manyan zunubai sai ka faɗi irinsu da sau nawa ka aikata. Dokar cocin ta wajabta wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ana yawaita shi a azuminsu na kwana 40 kafin Ista. Kafin Fada ya furta gafara da sunan Allah, dole a samu nadama da niyyar ba za a koma ba. Sannan ga mai wuyar: abin da ka sata ka mayar, wanda ka ɓata wa suna ka gyara masa. Musulmi ba su da wannan tsarin, tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa kai tsaye. Amma duk wanda ya zauna a Islamiyya zai ji sharuɗɗan ba su yi masa baƙunta ba, musamman na mayar da haƙƙin mutane.

Wani abin da zai ba 'yan zamanin "screenshot" mamaki shi ne sirri. Fada ba ya da izinin faɗa wa kowa abin da ya ji, ko 'yan sanda, ko alƙali. Wanda ya tona, a take an yanke shi daga cocin.

Gafara kuma ba ta soke hukunci. A ranar 13 ga Mayun 1981 Mehmet Ali Agca, ɗan Turkiyya, ya harbi Fafaroma John Paul na biyu a Roma. Fafaroman ya yafe masa, har ya kai masa ziyara gidan yari a Disambar 1983. Duk da haka Agca bai bar kurkukun Italiya ba sai a shekarar 2000, shekarar da wannan Fafaroman ya ware Lahadin da ke bin Ista a matsayin ranar rahamar Allah.

Masu goyon bayan sulhu suna da hujjarsu, kuma ba za a raina ta ba. Sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta fara a 2019 ya sa an sako mutane da dama daga daji, kuma manomin da ke son zuwa gonarsa ba shi da lokacin muhawara. Gwamna Dauda Lawal kuwa ya ce shi ba zai zauna da 'yan bindiga ba. Sai dai a ganina an tsallake mutum ɗaya a duk cacar bakin nan: mai haƙƙi. Hotunan bikin tuba da muka yi ta turawa juna sun nuna bindigogi a jere da manyan jami'ai. Matar da aka kashe wa miji, da dattijon da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, wa ya je ƙofar gidansu ya faɗi abin da ya yi musu, balle ya mayar da ko saniya ɗaya?