Zambo Da Alƙalami: Gadon Masu Zanen Barkwanci Na Ƙasar Meziko

Gabatarwa

Hausawa kan ce gaskiya ɗaci gare ta. Shi ya sa kowace al'umma takan nemi hanyar da za ta lulluɓe gaskiya da raha kafin ta miƙa ta ga mai iko. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda maroƙi kan kambama mai kyauta, sa'an nan ya juya ya yi wa marowaci zambo, jama'a su kwashe da dariya. Abin da maroƙi ke yi da baki, shi mutanen Meziko suka ƙware wajen yi da zane. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wannan fasaha ta ginu a can, da abin da ɗalibin adabin Hausa zai ƙaru da shi daga gare ta.

Posada Da Ƙoƙon Kai

An haifi Jose Guadalupe Posada a garin Aguascalientes a shekarar 1852. Ya yi ƙarfin aikinsa a babban birnin ƙasar, zamanin mulkin Porfirio Diaz, wanda ya riƙe ƙasar kusan shekara 30 kafin juyin juya hali ya kore shi a 1911. A lokacin nan mafi yawan talakawa ba su iya karatu ba. Saboda haka zanen Posada, wanda ake bugawa a fallayen takarda masu arha ana talla a titi, shi ne ya zama jaridarsu.

Dabararsa ita ce ya zana mutane a siffar ƙwarangwal: attajiri da soja da mai talla duk ƙashi ne zalla, wato dai kowa ƙasa zai koma. Mafi shahara cikin zanensa shi ne ƙoƙon kan wata mace sanye da ƙatuwar malafar Turai mai gashin tsuntsu. Habaici ne ga masu jin kunyar asalinsu suna kwaikwayon Turawa. Posada ya mutu a 1913 cikin talauci, aka binne shi a kabarin marasa galihu. Amma a 1947 mai zane Diego Rivera ya sa wannan mace cikin wani babban zanen bango, kuma da sunan Catrina aka san ta yanzu. A yau da wuya a yi bikin tunawa da matattu na farkon Nuwamba a Meziko ba a ga siffarta ba.

Zane A Gaban Hukuma

Wannan sana'a ba ta rabu da haɗari ba. Daniel Cabrera, wanda ya kafa jaridar barkwanci ta El Hijo del Ahuizote a 1885, ya sha ɗauri a hannun Diaz, har aka rufe jaridar a 1903.

Ranar 2 ga Oktoba 1968, saura kwana 10 a buɗe wasannin Olamfik a birnin Meziko, sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco. Jaridu da yawa suka bi bayanin gwamnati. Kashegari Abel Quezada ya shafe gurbin zanensa na jaridar Excelsior da baƙin tawada, ya rubuta tambaya guda a samansa, mai ma'anar "Don me?" Wannan baƙin fili ya faɗi abin da shafuffuka suka kasa faɗa.

Eduardo del Rio, wanda aka fi sani da Rius, shi kuma ya mai da barkwanci makaranta. A cikin mujallarsa Los Supermachos ta 1965 ya ƙirƙiri wani ƙauye da azzalumin shugabansa, kowa kuwa ya gane wa ake nufi. A 1969 jami'an tsaro suka sace shi, suka tsorata shi da kisa, sa'an nan suka sake shi. Littafinsa na 1972 a kan Karl Marx, da aka fassara shi zuwa Ingilishi, ya buɗe ƙofar jerin littattafai masu koyar da ilmi mai zurfi ta hanyar zane.

Kammalawa

Nijeriya ma tana da nata gwanayen, tun daga Akinola Lasekan da ya yi wa mulkin mallaka ba'a a jaridar West African Pilot, har zuwa Mustapha Bulama da ya yi suna a Daily Trust. Sigogin da manazarta suka fitar a zambo, wato zuguguta aibu da siffantawa da sakaya suna, duk suna nan a cikin zanen barkwanci. Bambancin kawai shi ne zambon baka yakan bi iska idan ba a naɗe shi ba, shi kuwa zane yakan daɗe fiye da wanda aka yi shi dominsa. Diaz ya mutu a gudun hijira a Faransa a 1915, Catrina kuwa tana nan da malafarta. Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa su fara tattara zane-zanen jaridu, su nazarce su kafaɗa da kafaɗa da waƙoƙin zambo, tun kafin gara ta riga su.